Da gaske ne daga karya Narambaɗa ya samo sunansa?

Ɗan_Kanwuri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i muna zaune majalisa ana sauraren Bakandamiyar Narambaɗa a wayar wani abokinmu, sai dattijon da ke sayar da goro kusa da mu ya ce wai ko mun san inda Narambaɗa ya samo wannan suna? Muka ce a'a. Ya ce wai karya gare shi tun yana saurayi, sunanta Rambaɗa, har mutane suka koma kiransa Ibrahim na Rambaɗa. Ni dai dariya na yi, don na fi shekara ashirin ina jin waƙoƙin mutumin nan, ban taɓa tsayawa na tambayi ma'anar sunan ba. Na ɗauka wani kirari ne na fada.

Tambayata biyu ce. Ta farko, maganar nan gaskiya ce? Ta biyu, wa ya san wani labari irin wannan, na mawaƙa ko 'yan wasa, namu ko na waje, wanda ya faru da gaske amma in ka faɗa sai a ce shaci-faɗi kake? Sharaɗi ɗaya: ban da labarin "an ce wai". Wanda ka tabbatar kawai.

MaiShayi_GawonNama:
To kai da bakinka ka ce karya ce, me kuma kake tambaya?

Ɗan_Kanwuri:
Karya, matar kare. Ba ƙarya ba. Ka sayi waya mai ƙugiya, Mai Shayi.

Bagobirin_Isa:
Gaskiya ta, ɗan'uwa. Mu nan Isa ba wanda bai san haka ba, tun muna yara munka ji ta bakin tsohhinmu. Mutumin Tubali na, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, kahin shi zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ɗan kokawa na. Ƙato na wanda ad da ƙarhi, shina kada maza. In ka saurari yadda shika gina waƙa, shi ɗauko mutum shi ɗaga shi sama shi maka da ƙasa da zambo, ka san hannun ɗan kokawa na. Allah shi jiƙan maza.

Ɗalibar_Dundaye:
Na goyi bayan Bagobiri. Ina sashen Hausa, kuma wannan bayani na karyar yana cikin rubuce-rubucen malamanmu a kan makaɗan baka. Ba shi kaɗai ba ma. Musa Ɗanƙwairo ba sunan mahaifinsa Ƙwairo ba. Ƙwairo wani bara ne a gidansu mai zaƙin murya, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, sunan ya bi shi har ya rasu a 1991. Kuma ba shi ya fara jan ƙungiyar ba, yayansa Abdu Kurna ne a gaba, shi yana cikin 'yan amshi.

Baba_TsohonMalami:
Madalla da ɗiyata ta Dundaye. Bari in ƙara muku da wanda mu muka gani da idonmu, ba karantawa muka yi ba. Muhammadu Gambu na Fagada, can ƙasar Kabi. Mutum ne da ya ɗauki kalangu ya ce shi ɓarayi zai yi wa waƙa. Ba a ɓoye ba, a fili, yana kiran sunayensu yana yi musu kirari kamar yadda ake yi wa sarakuna, kuma kasakasansa suna yawo kasuwa kowa na saye. Alƙalai da 'yan sanda ma suna sauraro suna dariya. Ku gaya mini wace ƙasa ce a duniya aka taɓa yin haka? Daga baya ya tuba ya ajiye waƙar ɓarayi kafin Allah ya karɓi ransa. In da Bature ne ya yi wannan rayuwa, da yanzu an yi fim goma a kansa.

Malam_Tambuwal:
Baba, da girmanka, amma ina ganin bai dace a riƙa kawo irin waƙar Gambu a matsayin abin alfahari ba. Sata ba abin wasa ba ce, balle a halin da yankinmu yake ciki yanzu. Tunda shi kansa ya tuba, a bar shi da tubarsa.

Baba_TsohonMalami:
Malam, ban ce alfahari ba, na ce abin mamaki. Yaron nan labarin gaskiya ya nema. Kuma ko a jami'a an yi nazarin waƙoƙinsa, don Hausar da ke ciki ba ta samuwa ko'ina. Wanda ya yi nazarin dafin maciji ba son sara yake ba.

Hajiya_RunjinSambo:
Ku maza kun cika mu da kalangu da kotso. Ni bari in kawo na Indiya, don mu da shi muka tashi. Duk wanda ya kalli Mother India na 1957 ya san uwar nan da ɗanta Birju, mai taurin kai, wanda ta harbe da hannunta a ƙarshe. To uwar, wato Nargis, da ɗan, wato Sunil Dutt, shekararsu ɗaya, duk 1929 aka haife su, kwana biyar ne ma tsakaninsu. Ana cikin ɗaukar wurin da wuta ke cin tarin amfanin gona sai iska ta juya, wutar gaske ta rutsa da ita. Shi ya kutsa ya fito da ita, ya ƙone. Ta yi jinyarsa, daga nan soyayya ta shiga, a 1958 suka yi aure. Kun san wa suka haifa? Sanjay Dutt, wanda samarinmu ke ce wa Ɗan Daba Mai Lasin.

Ranar da na gaya wa Innarmu wannan, Allah ya jiƙanta, salati ta yi ta yi, wai yaro ya auri uwatai. Na yi bayani har na gaji, ta ce ita dai ta ga abin da ta gani.

MaiShayi_GawonNama:
Hajiya kin kashe ni da dariya. Innarku tana da gaskiya, ido ba ya ƙarya. (Da ƙugiya wannan karon.)

Direban_Illela:
Tunda an shiga Indiya, ni ma ga nawa. Kun san Indiya ta taɓa cin Najeriya 99 da 1 a ƙwallo? Duk lokacin da ɗan wasanmu zai buga sai ƙwallon ta zama zaki ko dutse. Shi ya sa aka hana su shiga gasar duniya har yau. Yayana ne ya ba ni labarin tun ina firamare.

Ɗan_Kanwuri:
Direba, ka taka sharaɗi tun ba a je ko'ina ba. Wannan shi ne uban "an ce wai".

BakanoASakkwato:
Wallahi mu ma a Kano haka muka tashi da shi, har da ƙarin cewa wanda ya ci mana ƙwallo ɗayar nan ya mutu a filin. Ba a taɓa buga wasan nan ba, kuma ba wanda ya hana Indiya shiga gasa, ƙwallon ce dai ba su iya ba kamar kurket. Amma ga na gaskiyar da ya fi shi daɗi. A gasar Olamfik ta 1948 a Landan yawancin 'yan wasan Indiya ba takalmi suka buga, Faransa ta sha da ƙyar da ci 2 da 1. Shekara ɗaya bayan haka, 1949, tawagar Najeriya ta farko ta tafi Ingila a jirgin ruwa, su ma kusan duka ƙafa tsirara suka shiga fili, wasu sun naɗe ta da bandeji, kuma suka ci wasansu na farko 5 da 2. Wannan a rubuce yake, akwai hotuna. Amma ba wanda ya ba mu shi muna yara, sai na zaki.

Direban_Illela:
To ni dai yayana ba ya ƙarya. Sai dai in shi ma gaya masa aka yi.

Tsohon_ƊanSilima:
Direba ka yi haƙuri, dukkanmu an yi mana. Ni na yi aikin yanka tikiti a wani gidan silima a garin nan shekarun 1980, kafin bidiyo ya kashe mu, don haka bari in ba ku wanda na ga tasirinsa da idona.

Fim ɗin Coolie na Amitabh Bachchan, wanda ya fito a ɗan dako Musulmi mai suna Iƙbal, da lamba 786 a damtse. A Yulin 1982 ana ɗaukar wani faɗa tsakaninsa da Puneet Issar, ya yi tsalle ya faɗa kan tebur, gefen teburin ya daki cikinsa. Ashe ya ji ciwo a ciki. Aka yi ta yi masa aiki a asibiti a Bombay, ya kai bakin kabari, Indiya gaba ɗaya ta koma addu'a, masallatai da wuraren bautarsu duka. Da ya warke aka ƙarasa fim ɗin, ya fito a 1983. Abu biyu suka yi. Na farko, daidai wurin da ya ji ciwon sai hoton ya tsaya cak, rubutu ya fito cewa nan ne abin ya faru. Na biyu, a asalin labarin mutuwa zai yi a ƙarshe, amma mai fim ɗin, Manmohan Desai, ya ce mutumin da ya tsallake mutuwar gaske ba za a kashe shi a allo ba, aka sauya ƙarshen.

Abin dariyar, mu a nan in an zo wurin da hoton ke tsayawa sai 'yan kallo su hau ihu suna zagin mai injin, wai fim ya maƙale. Mafi yawa ba su karanta rubutun ba. Sau nawa ana jifar ɗakin injin da ɓawon rake saboda wannan.

Daga baya shi da kansa ya faɗa cewa cikin jinin da aka ƙara masa lokacin akwai mai cutar hanta, kuma ta cinye masa kashi uku cikin huɗu na hantarsa. Ga shi har yau yana aiki.

Hajiya_RunjinSambo:
Kawu, Allah ya saka. Ka tuna mini da yayyena maza da ke satar fita silima, mu mata ba a barinmu, sai dai su dawo su ba mu labari a tsakar gida, kowa da irin nasa ƙarin gishirin. Wani abin kuma da ya daɗe bai shiga kaina ba: ashe matan nan ba su ke rera waƙoƙin ba. Akwai ma murya ɗaya da ke bin su tun daga kaka har jika, Lata Mangeshkar, ta rasu a 2022. Kuma Dilip Kumar sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, haifaffen Peshawar. Madhubala ma Musulma ce, Mumtaz sunanta.

Ɗalibar_Dundaye:
Hajiya ai mu ma haka muka gada. Waƙoƙin finafinan Hausa, wanda ke motsa baki a allo daban, mai muryar yana can ɗakin ɗaukar sauti ba a san fuskarsa ba sai daga baya da mawaƙan suka fara fitowa da kansu. Kuma ga wani da na tabbatar: sunan Kannywood ya girmi Nollywood. Sunusi Shehu Daneji ne ya ƙirƙiro shi a mujallar Tauraruwa a 1999, shi kuwa Nollywood sai 2002 ya fara fitowa a jaridar New York Times. Mutanen kudu in ka gaya musu ba su yarda.

BakanoASakkwato:
A rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Kano ko da me ka zo an fi ka.

Bagobirin_Isa:
Bakano, kun hi mu fim, mun ji. Amma kawo muna makaɗin fada guda na Kano da za a aza kusa da Narambaɗa ko Jankiɗi ko Ɗanƙwairo. Muna jira.

BakanoASakkwato:
Na ji kiran sallah, sai na dawo.

Malam_Tambuwal:
Tunda kowa na kawo nasa, ni ma akwai wanda ya tsaya mini a rai. Fim ɗin The Message na 1976, na tarihin farkon Musulunci, wanda ake sa mana a talabijin lokacin azumi da Mauludi. Mutumin da ya yi shi Mustapha Akkad ne, ɗan Siriya daga Halab, mazaunin Amurka. Sau biyu ya ɗauki fim ɗin a lokaci guda, da 'yan wasa kashi biyu: a ɗauki fage da masu Turanci, su fita, masu Larabci su shigo su maimaita a wuri ɗaya. Shi ya sa wanda ya fito a Sayyidina Hamza a na Turanci Anthony Quinn ne, a na Larabci kuwa Abdullahi Gaith na Masar. A Maroko aka fara, aka matsa musu lamba suka tashi, Gaddafi ya karɓe su suka ƙarasa a Libiya. Kuma ko sau ɗaya ba a nuna Annabi (SAW) ba, ba a ji murya ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan mutumin dai shi ne ya zuba kuɗi a jerin finafinan ban tsoro na Halloween tun daga 1978, a nan ma ya fi samun dukiya. Ƙarshensa kuma, a Nuwamban 2005 bam ɗin da 'yan ta'adda suka tayar a otal a Amman ya kashe shi tare da 'yarsa. Mutumin da ya kashe shekaru yana son nuna wa Turawa kyawun addini, masu da'awar addinin suka kashe shi. Allah ya jiƙansa.

Baba_TsohonMalami:
Amin. Malam ka manta da ɗayan, na Umar Mukhtar, jagoran gwagwarmayar Libiya, wanda Italiyawa suka rataye a 1931. Shi ma Akkad ne ya yi, kuma Anthony Quinn ɗin dai ne ya fito a Umar Mukhtar. Ɗan asalin Meziko ne fa, ba Balarabe ba, ba Musulmi ba. Na taɓa yin gardama mai zafi da wani abokina a ɗakin malamai kan wannan, ya rantse Balarabe ne, har muka yi kwana biyu ba mu gaisa. Italiya ta hana nuna fim ɗin, sai a 2009 da Gaddafi ya kai ziyara can aka sa shi a talabijin ɗinsu.

Ɗan_Kanwuri:
Kai jama'a, na tambayi karya ɗaya an kawo mini Gaddafi. Ku ci gaba, ina karantawa.

Yaro_Mabera:
Iyayena ku ba ni wuri in sa baki. Na Bruce Lee. Ya mutu a Yulin 1973 yana da shekara 32, bai gama Game of Death ba. Masu fim suka ƙi haƙura, suka nemo masu kama da shi suna sa musu baƙin gilashi, ana ɗaukarsu ta baya ko cikin duhu. Akwai wurin da suka manna hoton fuskarsa na kwali a jikin madubi, wani yana zaune a gaba, wai shi ne. Mafi muni, da labarin ya zo wurin da jarumin ya yi mutuwar ƙarya, sai suka sa hoton jana'izar Bruce Lee ta gaske, da gawarsa a akwati. A 1978 ya fito. Ɗansa Brandon kuma a 1993 aka harbe shi a wurin ɗaukar fim da bindigar da aka ɗauka ba komai a cikinta, yana da shekara 28.

Tsohon_ƊanSilima:
Yaro ka yi karatu. Mun nuna shi, kuma ko a lokacin masu ido sun gane ba shi ba ne, suna cewa wannan Burusli na jabu ne. Amma labarin da ke yawo a garin nan shi ne wai matsafan Chana suka kashe shi don ya tona asirin faɗansu. Abin da likitoci suka ce, kumburin ƙwaƙwalwa ne bayan ya sha maganin ciwon kai. Ba wanda ke son jin wannan, bai da armashi.

MaiShayi_GawonNama:
Ni abin da na lura, duk wanda ya shahara sai mun ba shi aljani. Shata aljanu, Narambaɗa aljanu, Shago da Ɗan'anace ke wa waƙa aljanu, Burusli matsafa. Kamar mutum ba zai iya abu da basirar da Allah ya ba shi ba.

Bagobirin_Isa:
Mai Shayi ka hwaɗi gaskiya, amma wani abin su makaɗan da kansu sunka assasa shi. Makaɗi in bai tsoratar da abokan hamayyatai ba, ba shi cin abinci. Dole shi bari a ɗauka akwai wani abu bayanai.

Bakatsiniya_Arkilla:
Ni nawa gajere ne. Samanja Mazan Fama, wanda duk Arewa ta ɗauka Bahaushe ne, Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara, Usman Baba Pategi, ɗan gidan sarauta ma. Kuma sojan da yake yi a wasa ba kwaikwayo kawai ba ne, ya yi aikin soja na gaske, daga nan ya kwaso wannan Hausar ta bariki. Ya rasu a 2023. Mu Katsinawa ba ma yabon Nufawa, bayinmu ne, amma wannan kam ya yi.

Yaro_Mabera:
Haka marigayi Rabilu Musa Ibro, ma'aikacin gidan yari ne kafin ya koma wasan barkwanci. Ka yi tunanin fursunan da Ibro ke gadi.

Hajiya_RunjinSambo:
An tuna Samanja an manta namu na gida. Ina Idon Matambayi na NTA Sakkwato? Ranar da ake sa shi unguwarmu gidan da ke da talabijin cika yake har zaure. Yanzu ka nemi cikakken shiri ɗaya mai kyau ka gani, wahala za ka sha.

Baba_TsohonMalami:
Hajiya kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, kuma shi ya dawo da mu kan tambayar Ɗan Kanwuri. Dubi yadda Tsohon Ɗan Silima ya kawo wata da shekarar da Amitabh ya ji ciwo, da sunan wanda suke faɗan da shi. Yaron Mabera ya san shekarun Bruce Lee. Amma Narambaɗa da ke nan ƙofar gidanmu, sai mai goro ne zai gaya mana asalin sunansa. Su sun rubuta nasu, mu mun bar namu a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna tafiya.

Mahaifina yana da kasakasai sun fi ɗari a cikin adaka, wasu shi ya ɗauka da rikodarsa a wurin bukukuwa, har da wani kiɗan taushi da aka yi zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a gadon sarauta, 1938 zuwa 1988. Bayan rasuwar mahaifin nawa na ba wani ma'aikacin gidan rediyo aron guda ashirin wai zai kwafa ya dawo da su. Yau shekara goma sha. Sauran kuma zafin Sakkwato ya narkar da zaren, in ka sa sai kuka kamar akuya. Laifina ne, na yi ta cewa gobe.

Ɗalibar_Dundaye:
Baba kada ka zubar da sauran don Allah. Wasu ana iya ceto su, a buɗe a sauya musu gida a juye su a kwamfuta. Amma ban yarda gaba ɗaya cewa ba a rubuta ba. An rubuta da yawa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa masu yawa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa, ga kundayen ɗalibai jibge a jami'o'i. Matsalar, suna kan kanta suna shan ƙura, ba su kan waya inda mutane suke.

BakanoASakkwato:
Na dawo daga sallah. Maganar Baba ta tuna mini da wani. Akwai wani Bazule a Afirka ta Kudu, Solomon Linda, ya yi waƙa a 1939 mai suna Mbube, wato zaki. Ya sayar wa kamfanin faifai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Waƙar ta tsallaka Amurka, aka sauya mata kalmomi, ta zama wadda kuke ji a katun ɗin Lion King na 1994. An samu miliyoyin daloli da ita, shi kuwa ya mutu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 aka sasanta da 'ya'yansa mata bayan sun kai ƙara. Su dai faifan asali yana nan da sunansa a jiki. Yanzu a ce wani ya ɗauki karin waƙar wani makaɗinmu na ƙauye ya yi kuɗi da ita a waje, da wace shaida jikokinsa za su tsaya gaban alƙali?

Yaro_Mabera:
Irin ta Waka Waka ta Shakira ke nan, ta gasar duniya ta 2010. Amshin na wasu 'yan Kamaru ne, Golden Sounds, da suka fitar a 1986, kuma sojoji ne masu gadin fadar shugaban ƙasa. Su dai an sasanta da su.

Direban_Illela:
Wannan waƙar ai mun yi fareti da ita a makaranta tun kafin a san wata Shakira. Ko ita ma za ku ce yayana ne ya ƙirƙira?

Ɗan_Kanwuri:
A'a Direba, wannan karon ka ci.

Malam_Tambuwal:
Ni dai ina da ja a kan maganar Baba kaɗan. Ba duk abin da aka rubuta ne gaskiya ba, ba kuma duk na baka ne ƙarya ba. Mu da muka san isnadi bai kamata mu raina ruwayar baki ba. Abin dubawa shi ne wa ya faɗa, daga wa ya ji. Bagobiri ya ce daga tsofaffin Isa ya ji, mai goro ya faɗa a Kanwuri, ɗaliba ta gani a littafi. Hanya uku ke nan. Labarin 99 da 1 kuwa kowa daga yayansa ya ji, yayan kuma ba a san daga wa ba.

MaiShayi_GawonNama:
Malam ya mayar da karyar Narambaɗa darasin hadisi. Ni tambayata, wace irin karya ce? Ta farauta ce ko ta gadin gida? Ja ce ko baƙa?

Bagobirin_Isa:
Wanga kam ban sani ba, kuma ba ni ƙirƙira. Akwai wata tsohuwa dangin kakata da tat tashi wajen Tubali, ta kusa shekara casa'in amma hankalinta garau. In hanya ta yi kyau na samu tahiya gida, zan zauna da ita in ɗauki muryatta a waya. Ku dai ku sa mu addu'a, kun san yadda hanyar Isa take yanzu.

Hajiya_RunjinSambo:
Allah ya tsare, ya kawo mana zaman lafiya. In ka je ka tambaye ta har da matan da ke waƙa a lokacin, na daka da na niƙa da na biki. Tun ɗazu ake lissafa makaɗa ba a kira mace ko ɗaya ba.

Baba_TsohonMalami:
Ɗiyata ta Dundaye, na sa jikana ya sauko da adakar. Guda sittin da uku suka rage, wasu ba rubutu a jiki. Ki yi mini magana ta gefe mu ga yadda za a yi.

Ɗan_Kanwuri:
Ni ma yau da dare zan koma wurin mai goro. Jiya da zan tashi ya ce akwai labarin yadda Jankiɗi ya samu nasa sunan, amma sai na sayi goron ɗari biyar.

MaiShayi_GawonNama:
Saya mana, ka turo lambar asusu a yi karo-karo. Direba ne zai fara biya, tarar zakin da ya kawo mana.